Daga yoyo zuwa dara: Yadda wasa ke aza wa yaro harsashin lissafi

Koyar da lissafi ta hanyar wasa wata hanya ce da ake bi a fahimtar da yaro ɗan shekara 3 zuwa 8 ma'anar lamba, da bambancin yawa da ƙaranci, da tsawo da gajarta, tun kafin a ɗora masa nauyin alƙalami da takarda. Abin wasan kan iya zama na sayarwa, kamar yoyo ko ludo, ko kuma wanda ƙasa ke bayarwa kyauta, kamar tsakuwa da kara da 'ya'yan tsamiya. Abin da binciken masana ya tabbatar shi ne wasan kaɗai ba ya mayar da yaro gwanin lissafin makaranta. Sai an sami babba a kusa wanda zai ɗaura wa abin da hannun yaro ke yi sunan lamba, daga baya ya nuna masa yadda ake rubuta ta.

Batun ya shafi Dutsin-Ma da Kurfi kai tsaye. A Dutsin-Ma ne Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita take, inda ake horar da malaman firamare na Jihar Katsina, kuma sunanta na tsohon Ministan Ilimi na Jihar Arewa ne, Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita. A nan ne kuma aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Kurfi tana kan hanyar da ta taso daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, ƙasa ce ta manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. A garuruwan biyu za ka tarar da yarinya 'yar shekara 8 tana ba da canjin Naira 500 ba kuskure a bakin tasha, amma idan aka rubuta mata 500 a ɗebe 350 a allo sai ta tsaya kallon alli. Wannan rata da ke tsakanin lissafin ka da lissafin allo ita ce matsalar da koyarwa ta wasa ke neman cikewa.

Matsalar ba ta yankin kaɗai ba ce. Binciken gidaje na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 25 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar lissafi ta matakin farko. Wato yaro uku cikin huɗu ba su kai mizanin da ake tsammani daga ɗan aji biyu ko uku ba.

Abin da ake nufi da "ya iya ƙirga"

Iyaye da yawa kan yi murna idan ɗansu ɗan shekara 3 ya jero ɗaya zuwa ashirin da ka. Abin murna ne, amma haddar jerin sunaye ce, ba ƙidaya ba tukuna. Masana halayyar yara biyu, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace a littafinsu na 1978 sharuɗɗan da sai sun cika kafin a ce yaro ya iya ƙirga. Dole kowane abu ya sami lamba guda, kada a tsallake wani, kada a maimaita wani. Dole sunayen lambobin su zo a jere iri ɗaya kullum. Sharaɗi na uku shi ne mafi wuya: yaro ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce jimillar abin da ke gabansa. Sauran biyun su ne ya san cewa komai ana ƙirga shi, ko awaki ko tafi ko kwanaki, kuma ko ta dama aka faro ko ta hagu, jimilla ba ta canzawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da wata masaniya, Karen Wynn, ta yi amfani da shi a farkon shekarun 1990, wanda kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida. A zuba wa yaro tulin gyaɗa ko marafan kwalba, a ce masa "ba ni uku". Yaron da bai kama ma'anar lamba ba zai dumbuzo cikin hannu ya miƙo, ko da kuwa yana iya rera ƙirga har hamsin. An lura yara kan fara gane ɗaya, bayan watanni su gane biyu, sannan uku, sai can wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu su fahimci ƙa'idar gaba ɗaya. Yaron da bai sami mai yi masa irin wannan hira ba kan makara fiye da haka, kuma da wannan makarar yake shiga aji ɗaya.

Shigar da giɓi kuwa tana da tsada. Wani nazari da Greg Duncan da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, bayan sun haɗa bayanan manyan bincike shida daga Amurka da Birtaniya da Kanada, ya gano cewa lissafin da yaro ya shigo makaranta da shi ya fi komai nuna yadda zai yi a karatu nan gaba, har ya ɗara sanin haruffa.

Yoyo da irin amfaninsa

Bahaushe in ya ji "yoyo" ɗigar ruwa daga rufin ɗaki ko tsagin tulu ke faɗo masa a rai. Abin wasan da ke ɗauke da wannan suna dabam ne: faifai biyu ne ƙanana da aka haɗa da ɗan sanda a tsakiya, aka naɗa zare a jikin sandan. Mai wasa kan ɗaura bakin zaren a yatsa, ya saki faifan ya gangara yana juyi, sannan ya ɗan fizgi hannu sai ya sake naɗe zaren ya hauro. Tsohon abin wasa ne, domin akwai zanen yaro riƙe da irinsa a jikin wani kasko na ƙasar Girka da aka yi fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shahararsa ta zamani ta faro ne a 1928, lokacin da wani ɗan ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'antarsa a Santa Barbara ta Amurka, daga baya ɗan kasuwa Donald Duncan ya saye harkar ya bazu da ita. A yau na roba masu arha, waɗansu har da 'yar fitila a ciki, sukan shigo kasuwanninmu cikin kayan wasan Sallah.

Amfaninsa ga lissafi yana cikin maimaituwar motsinsa. Kowace sauka da hawa abu guda ne cikakke mai farko da ƙarshe, don haka yaro na iya ba kowace lamba ɗaya ba tare da ruɗewa ba. Kuma tunda saukar da ta wuce ba ta nan a gani, dole ya riƙe adadin a ka, abin da ya fi ƙirga tsakuwa wuya. Idan yara biyu ke gasa, sai a sa kowanne ya ja layi a ƙasa ko ya ajiye tsakuwa guda a kan kowace sauka da ta yi nasara. In an gama a jera tsakuwan layi biyu kusa da juna. Tambayar da ke biye ita ce ainihin darasin: wa ya fi, kuma da nawa ya fi? Yaron da ya ga layin bakwai ya zarce na biyar da tsakuwa biyu ya riga ya yi ɗebewa, saura a gaya masa sunanta.

Zaren ma kansa darasin awo ne. Masu wasan kan yanke shi daidai da tsawon mai riƙe da shi, daga ƙasa zuwa cibiya, don haka zaren Yaya ya fi na ƙane tsawo. Ana iya auna shi da ma'aunin da kakanninmu suka san zane da igiya da su: taƙi, wato awo da buɗaɗɗun yatsun hannu, da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, da gaba, faɗin hannu biyu a miƙe. Zare guda zai ba da taƙi huɗu a hannun uba, ya ba da bakwai a hannun ɗa. Daga wannan saɓani ne yaro ke fara fahimtar dalilin da ya sa tela ke rataye da tef a wuya.

Sai dai kada a kai yoyo inda bai kai ba. Yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba da wuya hannunsa ya iya sarrafa shi, kuma in ya sha faɗuwa sai ya jefar. Ga masu ƙananan shekaru, babba ne zai yi wasan su kuma su ƙirga. Zare mai tsawo haɗari ne ga wuyan ƙaramin yaro, kamar yadda tsakuwa da 'ya'yan itace ke da haɗari ga wanda bai wuce sa abu a baki ba. Sannan ajin da ke da yara 80 ba zai sami yoyo 80 ba. Duk abin da yoyo ke koyarwa, ana samun sa a tsallen igiya, ko juyin koɗi, ko marfin kwalbar nan da yara ke dakawa su huda shi biyu su zura zare su riƙa ja yana kuka. Yoyo ƙofa ce guda cikin ƙofofi, kuma ba ita ce mafi faɗi a ƙasar Hausa ba.

Wasannin da ke ƙasa tun tuni

Mafi faɗin ita ce dara. Sunan ya ƙunshi wasa iri biyu. Akwai darar manya da ake yi a gindin bishiya ko bakin kasuwa, mai gurbi 30, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya kan riƙe karare ɗaya duwatsu. Ana fara dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa gusar da su gurbi guda, duk wanda ya jera uku a layi sai ya cire ɗan abokin karawarsa. Claudia Zaslavsky ta kawo wannan wasa a littafinta Africa Counts na 1973 cikin misalan tunanin lissafi na Afirka. Ga yaro, allon kansa jadawalin sau ne: layi biyar, kowane da gurbi shida, talatin ke nan, kuma in ya zagaya ya duba ta gefe zai ga layi shida ne masu gurbi biyar, jimilla ba ta motsa ba.

Iri na biyu, wanda mata da yara suka fi yi, shi ne mai gurbi 12, shida na fuskantar shida, a zuba 'ya'ya huɗu a kowane, jimilla 48. Mai wasa kan kwashe gurbi guda ya bi sauran yana jefa ɗaya-ɗaya. Babu wasan da ya kai wannan koyar da sharaɗin farko na ƙidaya, domin in yaro ya jefa biyu a gurbi ɗaya ko ya tsallake wani, abokin wasansa ba zai bari ba. A salon da yara suka fi yi, gurbin da ya cika huɗu shi ake ci, don haka ido kan saba da gane uku da huɗu da kallo ɗaya ba sai an ƙirga ba. Bayan 'yan watanni yaro kan daina gwaji da hannu, ya fara lissafa a zuci inda ɗansa na ƙarshe zai sauka. Wannan tarawa ce ta gaske, kuma ba wanda ya tilasta masa ita.

Carafke, wasan 'yan mata, salonsa ya bambanta daga gari zuwa gari, amma gindinsa ɗaya ne: a cilla dutse guda sama, kafin ya dawo a kwashi wani adadi na waɗanda ke ƙasa, da ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku. Yarinyar da ke kwasar tsakuwa goma da uku-uku ta san za a yi kwasa uku a bar ɗaya, shekaru kafin malami ya rubuta mata rabawa mai saura. 'Yar gala-gala kuma jerin gidaje ce a zane a ƙasa, kuma ita ce ta fi sauƙin mayarwa darasi, don ba abin da ake buƙata illa a rubuta lamba a kowane gida.

Wannan ƙaramin ƙari yana da hujja. A 2008 Geetha Ramani da Robert Siegler sun gwada wani wasan allo a kan yaran marasa galihu 'yan makarantar raino a Amurka. Gidaje goma ne a jere, an rubuta 1 zuwa 10. Ƙa'idar ita ce yaro ya faɗi lambar gidan da yake takawa: in yana kan 3 aka ce ya matsa biyu, zai ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Zama huɗu kawai aka yi, kowane kimanin minti 15 zuwa 20, cikin mako biyu, amma yaran suka fi takwarorinsu da suka yi wasa iri ɗaya da launuka a maimakon lambobi, wajen gane lamba da sanin wadda ta fi girma, kuma bambancin na nan bayan mako tara. Da suka sake gwaji, sun ga allo miƙaƙƙe ya fi mai zagaye amfani. Gidan da ke da ludo na iya juya bayan kwalin: wasan maciji da tsani da ke can, mai gida 100, ya fi ludon kansa amfani ga wannan manufa.

Wani abin lura shi ne waɗannan wasanni suna ja da baya. A gari waya da talabijin sun cinye lokacinsu. A ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu Safana da Batsari, rashin tsaron shekarun nan ya rage fitar dare, kuma dandalin farin wata shi ne makarantar da yara ke koyon wasa daga na gaba da su. Abin da a da yake zuwa da kansa, yanzu sai an yi niyyar koyar da shi.

Harshen ƙidaya

Hausa na da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Daga 11 zuwa 19 sunan lamba na bayyana gininta: goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha uku. Goma ke fara zuwa a baki, kamar yadda take fara zuwa a rubutu. Ingilishi ba haka yake ba. Sunayen 11 da 12 ba su nuna goma ko kaɗan, na 13 zuwa 19 kuma sun sa ƙaramar lamba a gaba, ga shi 13 da 30 sun yi kama a kunne har manya kan ruɗe. Yaron da aka fara wa ƙirga da Ingilishi kafin Hausa an raba shi da tsanin da ke jingine a bakinsa.

Inda Hausa ke da tata wahalar shi ne a gomomi. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, kuma ba abin da ke gaya wa yaro cewa talatin goma uku ce. Tsohuwar Hausa na da maganin wannan: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Malamin da ya ɗaure karare goma-goma ya ce "gomiya uku, ita ce talatin" ya haɗa tsohon suna da sabo da kuma abin da ido ke gani. Haka nan salon 'yan kasuwa na cewa "ashirin ba biyu" a maimakon sha takwas ɗebewa ce da aka saƙa cikin suna.

Zamanin wuri ya bar mana kalmomi da ke nuna yadda ake ƙirga da rukuni: hauya wuri 20, zangu 100, zambar 1,000, keso 20,000. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano a farkon 1851, ya bayyana yadda ya ga ana ƙirga wuri da biyar-biyar ana tara su tsibi-tsibi. Al'adar ba ta mutu ba, kaya ta sauya. Dattawa har yau kan ce jaka suna nufin Naira 200, saboda fam 100 ce kafin canjin kuɗi na 1973. A Maraɗi kuwa dala sefa 5 ce, don haka yaron da aka aika sayen abin dala ashirin ya san sefa 100 zai miƙa. Ninkawa da biyar yake yi kullum ba tare da an kira ta da suna ba.

Gargaɗi daga kasuwa

Masu sana'a za su iya cewa, to ai ɗanmu yana koyon lissafi a shago. Gaskiya ne, amma iyakarsa shagon. A 1985 masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, sun bi yara masu talla a birnin Recife na Birazil suna sayen kaya a hannunsu. A bakin ciniki yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai. Da aka rubuta musu lissafin nan dai da alƙaluma zalla a takarda, abin ya faɗo zuwa kusan kashi 37. A 2025 mujallar Nature ta wallafa wani bincike mafi girma na Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Elizabeth Spelke da abokansu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, kan yara fiye da 1,400, kuma sakamakon ya zo iri ɗaya. Sun kuma juya gwajin: 'yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba sun iya lissafin takarda, amma kashi 1 cikin 100 ne kawai suka warware wata matsalar kasuwa da fiye da sulusin yaran kasuwa suka warware.

Wasa ma yana iya faɗawa wannan rami. A 2017 mujallar Science ta wallafa gwajin da aka yi wa yara fiye da 1,500 a makarantun raino sama da 200 a Delhi. Wata huɗu suna wasannin kwatanta yawa da siffa, waɗanda ba su ɗauke da rubutattun lambobi. Basirarsu ta gane yawa da ido ta ƙaru, ta kuma ɗore, amma da suka shiga firamare ba su fi sauran yara lissafin aji ba. Sai da masu binciken suka sake tsara wasannin suka cusa musu lambobi da sunayensu sannan aka fara ganin amfanin ya bi yara cikin aji. Wannan ne dalilin da ya sa bai isa a saya wa yaro abin wasa a ce an gama ba, kuma makarantar kuɗin da ke tallar ɗaki cike da kayan wasa masu launi ba lallai ta fi wadda malamarta ke zaune a tabarma da tsakuwa tana tambaya "saura nawa?" ba.

Matakan da masu koyarwa suka fi yarda da su uku ne, kuma a jere suke. Yaro ya fara yi da hannu, da abin da zai taɓa. Sannan ya zana abin da ya yi, ko da layuka ne a ƙasa. A ƙarshe a rubuta lambar kusa da zanen. Kuskuren da ya fi yawa a azuzuwanmu shi ne farawa daga mataki na uku: a cika allo da 1 zuwa 100 a sa yara su yi ta rerawa. Kuskuren gida kuwa tsayawa a mataki na farko.

Abin da hukuma ta tanada

A takarda, tsarin ilimin Najeriya ya amince da wannan hanya. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi cewa a matakin raino wasa ne babbar hanyar koyarwa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma bugun manufar na 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Kwalejojin ilimi na da kwas na musamman kan renon yara da koyar da su. Inda gizo ke saƙar shi ne ajin share fage a makarantun gwamnati sau da yawa shi ne mafi cunkoso, kuma akan tura masa malamin da aka ga ba a buƙatarsa a manyan azuzuwa.

Jihar Katsina ta ga gwaji guda mai muhimmanci. Shirin RANA na karatu da lissafi, wanda aka fara a 2015 a Katsina da Zamfara ƙarƙashin shirin UNICEF na ilimin 'ya'ya mata da tallafin Birtaniya, ƙungiyar FHI 360 ta aiwatar, ya samar da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, har da labaran da malami ke karanta wa yara waɗanda aka saƙa lissafi a cikinsu. A Kano, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Dawakin Tofa da Wudil ya bi tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a koya musu goma-goma da ɗaurin tsinke. Kayan aikin duka shirye-shiryen biyu ba su fi ƙarfin kowace makaranta a Kurfi ba. Abin da ke da tsada shi ne horar da malami da bibiyarsa.

Batun harshen koyarwa kuma yana ta sauyawa. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan manufa. Ko wace ce ta tabbata a aji, ba ta hana uba ƙirga buhuna da ɗansa da Hausa a rumfa, ko uwa ta sa 'yarta ta auno gero gwangwani biyar ta faɗi nawa ya rage a cika takwas.

Hatimin Bakatsine

Ga yaran da suka kai aji biyu ko uku, akwai wasan da ke da tushe a tarihin jihar. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi malami ne ɗan ƙasar Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin Hajji ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hanyoyin gina murabba'in lambobi, abin da malamanmu ke kira hatimi, musamman masu gidaje mara: uku sau uku, biyar sau biyar, bakwai sau bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Masana tarihin lissafi na duniya sun san sunansa fiye da yadda 'yan makarantar jiharsa suka san shi.

Mafi ƙanƙantar hatimi gida tara ne, kuma ana iya haƙa shi a ƙasa kamar gurbin dara. A ba yara tsakuwa 45, a ce su raba su a gidajen tara, daga mai ɗaya har mai tara, ba adadin da zai maimaitu, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Yara kan ɗauki lokaci suna kwashe tsakuwa daga wannan gida zuwa wancan, kuma kowane yunƙuri tarawa ce sau takwas. In sun samu, a sa su rubuta lambar kowane gida a gefensa, sannan a share tsakuwan a bar lambobin. Amsoshin takwas ne, dukkansu juyin juna, kuma a kowace 5 ce ke zama a gidan tsakiya, lambobin cika kuma, 2 da 4 da 6 da 8, su ke kama kusurwoyi.